Abin da Malam Nuhu Ya Gani a Gonar Baba Ilu

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Nuhu, abokina kuma abokin aikina. Ya rasu a ƙarshen damina, dawa ta fara fitar da kai, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta ba kowa damar shiri ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki alƙalami in ajiye, don ban san ta ina zan kamo mutumin ba. Bana kuwa tambaya ɗaya ce ta ishe ni, a ƙofar masallaci, a tasha, har a gidan suna: wai yanzu da waya ke duba ganye ta faɗi cutarsa, me ya rage wa irinmu masu ba manoma shawara? Na juya tambayar na juya, ban ga amsar da ta fi in ba da labarin Nuhu ba.

Ga wanda bai san shi ba, Nuhu haifaffen Sundimina ne, ɗan manoma. Ya yi karatun aikin gona, ya kama aiki a matsayin malamin gona, a can muka haɗu. Ni ina ɓangaren gwajin ƙasa, shi yana ɓangaren ƙwari da cututtukan shuka. Da muka yi ritaya kusan lokaci ɗaya, sai zaman gida ya gagare mu. Muka kama wani ɗan shago a Birnin Kudu, muka sa tebur da benci, muka zama masu ba da shawara. Ƙungiyoyin manoma su kira mu, 'yan kasuwar Kano da suka sayi gonaki a yankin su kira mu, wani lokaci masu shirye-shiryen tallafin noma su ɗauke mu mu zagaya ƙauyuka mu rubuta musu abin da muka gani. Mutane suka riƙa ce mana malaman shawara, sunan ya bi mu.

Kada wani ya ɗauka irin tsofaffin nan ne masu gudun na'ura. A cikinmu shi ya fara sayen waya mai ɗaukar hoto, ya cika ta da hotunan ganye da tsutsa, har matarsa Hajiya Rabi takan ce ƙwari sun fi jikokinsa yawa a cikin wayar. Ni ne ma mai taurin kan, sai da ya matsa mini lamba kafin na yarda na koyi kwamfuta. Idan ya ji an fito da sabuwar hanyar hasashen ruwan sama, ba ya samun sukuni sai ya nemo wanda zai yi masa bayani, ko da sa'an ɗansa ne.

Abin da ya fi haɗa mu sa-in-sa shi ne tafiya. Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ba wata nisa ba ce, amma da Nuhu sai ta cinye rabin yini. Nan a tsaya a yi ta'aziyya, can a tsaya a yi barka. Idan mun isa kuma ba ya taɓa farawa da maganar gona. Sai ya tambayi saniyar da ta yi ciwo bara, da yaron da ya tafi karatu Dutse, da rijiyar da ta rufta, ni ina gefe da ledojin ɗibar ƙasa a cinya ina duba agogo. Rahotonmu kullum a makare, kuma ba sau ɗaya ba aka janye mana aiki aka ba wasu saboda haka. Na sha faɗa masa. Yakan ce da gaskiyata, amma bai taɓa canzawa ba.

Ba kuma kullum shawararsa ke yin daidai ba. Wata shekara ya sa manoman wata unguwa a Zandam suka jinkirta shukar riɗi, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, riɗin bai nuna ba. Na ce masa mu bari abin ya huce kafin mu sake bi ta can. Ranar Juma'a ya hau mota shi kaɗai ya tafi, ya jira aka idar da salla, ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce shi ya ba da shawarar, shawarar kuma ta ɓaci, ya zo ne ya ji abin da za su ce. Wasu sun gaya masa maganganu masu zafi, ya tsaya ya saurare su har suka gama. Akwai waɗanda ba su sake neman mu ba har ya koma ga Allah. Amma da shekara ta zagayo mafi yawansu suka sake kiran mu, wani dattijo a cikinsu ya ce mini masu ba su shawara sun sha zuwa, amma ba su taɓa ganin wanda ya dawo bayan abu ya lalace ba.

Labarin da na fi so in bayar ya faru ne a Maruta, shekaru kaɗan kafin rasuwarsa. Akwai wani dattijo a can, Baba Ilu, dogon mutum mai babbar murya, wanda ya yi suna a noman dawa har mutane kan zo daga ƙauyukan kewaye su nemi iri a wurinsa. Shi ke riƙe da gandu, 'ya'yansa maza suna noma a ƙarƙashinsa. Amma akwai ayyukan da ba ya sakar wa kowa a babbar gonarsa ta bayan gari: shi ke zaɓen iri, shi ke rage shuka idan ta tsiro da yawa, shi ke zuba taki. Sai ga shi damina biyu a jere gonar ta gaza. Rumbun da ke cika har a nemi na aro ya tsaya a rabi.

Babban ɗansa, Haladu, wanda ya koyi tuƙi a wurin kawunsa a Kano, ya dage a kan ƙasar ce ta gaji. Yana so a raba gandu, ya sayar da rabonsa ya sayi mota. Uban ya ce muddin yana numfashi ba za a taɓa gonar ba. Magana ta yi tsami har suka daina zama wuri ɗaya. A gari kuma an fara raɗe-raɗin wai Haladu ne ke yi wa aikin riƙon sakainar kashi da gangan, don ya gajiyar da tsohon ya saki. Daga ƙarshe dangi suka shiga tsakani, aka amince a kira malaman shawara. Idan mun ce ƙasa ta mutu, uba zai haƙura a raba. Idan mun ce tana da rai, ɗa zai bar maganar. Wato gidan mutum guda aka ɗora a kan abin da zai fito daga bakinmu.

Na ɗebi ƙasa daga kowace kusurwa na kai gwaji. Lafiyarta ƙalau, har ta fi ta maƙwabta. Da muka koma muka zagaya gonar kunya-kunya, sai abin ya fito fili. Wani layin ya ƙone don yawan taki, na kusa da shi ko ƙwaya bai samu ba. A wasu wuraren an cire dawa an bar ciyawa. Ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, wanda Baba Ilu ba ya barin ko guda ya yi fure a gonarsa, ya yi fure ya zubar da 'ya'ya. Na gama nawa aikin: ƙasa ba ta da laifi, laifin na hannu ne. Abin da na shirya faɗa ke nan, kuma gaskiya ne.

Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin dalbejiya a ƙofar gidan, dangi da maƙwabta suka kewaye. Nuhu, kamar yadda ya saba, ya ɗauko wayarsa ya buɗe hoton wani ganye da taki ya ƙona, ya miƙa wa Baba Ilu. Kafin tsohon ya duba, wani ya iso da sallama, aka yi ta gaisawa, hasken wayar ya ɗauke, fuskarta ta yi baƙi. Baba Ilu ya ɗaga ta kusa da fuskarsa, ya jinjina kai, ya ce lallai kuwa ga ƙunar nan a bakin ganye. Ni ma na ga abin da ya faru, amma na ɗauka kara ce irin ta manya. Nuhu ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya juya ga jama'a ya ce akwai sauran abin da muke so mu sake dubawa, a ba mu zuwa bayan kasuwa mai zuwa.

A mota na nuna masa ban ji daɗi ba. Na ce sakamako yana hannunmu, jan rai na mene ne? Sai ya tambaye ni ko na lura tsohon ba ya amsa gaisuwa da suna sai mutum ya yi magana, ko na ga yadda hannunsa ya wuce kofin ruwa kafin ya dawo ya lalubo shi. Ya ce idan muka ce laifin hannu ne a gaban taro, gari zai ce ga shi an tabbatar Haladu ne. A cikin gida kuwa kowa ya san wanda ke zuba taki. Ko dai ɗa ya ɗauki laifin da ba nasa ba, ko uba ya tonu a gaban waɗanda ke zuwa neman iri a wurinsa. Na ce to ai ba likitoci aka kira ba, malaman gona aka kira. Ya ce haka ne, amma gonar ba ita ta kira mu ba.

Bayan kwana biyu muka koma ba tare da sanarwa ba, da hantsi, lokacin da 'ya'yan suka tafi wata gonar. Nuhu ya roƙi Baba Ilu ya raka shi ƙarshen gona ya nuna masa iyaka. Ni na tsaya nesa kaɗan ina tona ƙasar da ba na bukata. Na hango su sun zauna a kan wani faffaɗan dutse, sun daɗe suna hira, har na ji dariyar tsohon. Can sai Baba Ilu ya ɗaga murya ya ce Nuhu ya kira abokin nasa, ai shi ma ba yaro ba ne. Na zo na tsuguna.

Nuhu ya nuna ni ya ce, "Baba, ƙasarka tana da rai. Malam Isa ya auna, kuma a awo ban taɓa kama shi da kuskure ba. Saura abu ɗaya, shi kuma ba ni da ikon faɗarsa a gaban kowa sai da izininka. Tun yaushe ka fara gani dishi-dishi?"

Tsohon bai yi fushi ba, bai kuma musa ba. Ya tsinki wata ciyawa yana murzawa a tsakanin yatsunsa. Sa'an nan ya ce abin ya kai damina uku. Ya ce da ƙafa yake gane kunya, da hannu yake gane ganye, amma dawa da ciyawa tun suna ƙanana ba sa rabuwa sosai a hannu. Ko matarsa bai gaya wa ba. Ya ba mu labarin wani sa'ansa da ya kai idonsa wurin masu cire yanar ido da ke yawo kasuwa-kasuwa, ya je yana ganin inuwa ya dawo ba ya ganin komai. Ya ce ya san 'ya'yansa ba za su wulaƙanta shi ba, abin da za su yi ya fi haka ciwo: za su shimfiɗa masa buzu a inuwa, su riƙa kawo masa abinci, su riƙa ba shi labarin gonarsa.

Nuhu bai yi masa alkawarin warkewa ba. Ya ce shi ba likita ba ne, bai san ko idon zai gyaru ba, abin da ya sani kawai shi ne a asibiti akwai waɗanda aikinsu ke nan, kuma ɗakin baƙinsa na Birnin Kudu a buɗe yake. Ya ce ba zai gaya wa kowa ba, ni ma haka.

"Amma abu ɗaya ne ba zan iya ba, Baba," in ji shi. "Ba zan tsaya ina ji ana cewa Haladu ne ya kashe gonar nan ba, don ba shi ba ne."

A nan ne muryar tsohon ta canza. Ya ce, "Na ji ana faɗa, Malam. Na ji, na yi shiru. Wannan shirun ya fi idon damuna."

Bai ba mu amsa a ranar ba, Nuhu kuma bai nema ba. Muka tashi, ya raka mu har bakin hanya yana tafe a gabanmu kamar mai gani sarai. Da ranar da muka yi wa jama'a alkawari ta zo, Nuhu ya ce musu ƙasa tana da rai, sauran bayani kuma na maigida ne, zai yi shi a lokacin da ya ga dama. Mutane ba su gamsu ba, wasu har suka ce malaman shawara sun zama 'yan siyasa. Ya haɗiye. Ni kuwa na yi ta gardama da shi a kan rahoton da za mu ba dangi, ina ganin bayanin da aka rage masa wani abu bai cika ba. Ya ce abin da aka tambaye mu mun amsa, ba mu kuma faɗi ƙarya ba. Ido kuwa na mai shi ne.

Sai da aka kusa yankan dawa Baba Ilu ya aiko a kira mu. A zaurensa, a gabanmu, ya tara 'ya'yansa ya gaya musu da bakinsa. Ya kuma juya wajen da Haladu yake, ya ce ya bar shi ya ɗauki maganar gari shi kaɗai, yana roƙon ya yafe masa. Haladu ya sunkuyar da kai ya ce babu komai, Allah ya ba da lafiya, gobe sai a tafi asibiti. Tsohon ya sauka a gidan Nuhu, Hajiya Rabi ta yi ta hidima da shi kamar mahaifinta. Aka yi aiki, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan likita ya ce an makara, kuma ba yanar ce kaɗai ke damun sa ba. Da ido ɗayan nan Baba Ilu ya koma gonarsa ya ci gaba da zaɓen iri, ya sakar wa yara zuba taki. Ba a raba gandu a lokacin ba. Daga baya shi da kansa ya yanka wa Haladu wata gona ta bakin hanya ya ce ya sayar ya sayi motarsa. A cikin motar nan aka kawo shi jana'izar Nuhu. Shi ma bai daɗe ba bayan haka ya bi shi.

Yau abubuwa sun canza fiye da yadda ni da Nuhu muka taɓa zato. Saurayi a Gwaram zai ɗauki hoton ganyen tumatir, kafin ya gyara tsayuwa waya ta gaya masa cutar da maganinta, da Hausa ma idan ya so. Daga tauraron ɗan'adam ana hango gonar mutum a faɗa masa ɓangaren da ke jin ƙishi. Ga kuma wannan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka yi wa tambaya kamar kana hira da malami ta amsa maka ba gajiya. Ina amfani da su, ba na kuma jin kunyar faɗa. Kwanan baya wata cutar albasa ta rikita ni, wayar ta gane ta kafin ni, da na bincika na tarar ita ce da gaskiya. Manomin da a da sai ya jira mu wata guda, yanzu yana samun amsa tun cutar ba ta cinye gona ba. Wannan alheri ne, kuma na tabbata da Nuhu na raye da ya fi kowa rawar jiki a kansa. Da sai Hajiya Rabi ta ƙwace wayar kafin ya ci abinci.

Amma na san tambayar da zai yi, don na zauna da shi a mota ɗaya shekara da shekaru. Zai ce, to bayan an ba da amsar, wa ke zama? Na taɓa gwada ɗaukar hoton ganyen da taki ya ƙona na nuna wa wayar. Ta ce taki ya yi yawa, a rage, a daidaita zubawa. Daidai ne, ba kuskure ko kaɗan. Amsar da ni ma na shirya bayarwa ke nan a gindin dalbejiyar nan ta Maruta. Ba na raina ta, don ba da awona ba Nuhu ba zai iya duban tsohon ya ce masa ƙasarsa tana da rai ba. Sai dai mutum ba kullum yake kawo ainihin damuwarsa a cikin tambayarsa ba. Yakan kawo wadda ba ya jin nauyin faɗa, ya ɓoye ɗayar a bayanta, yana jira ya ga ko wanda ke gabansa ya isa a buɗe masa.

Mai yiwuwa wata rana a ƙera na'urar da za ta dubi fuskar mutum ta gane idonsa na da yana. Ban ce ba za a yi ba, na ga abubuwa da yawa da na ce ba za su yiwu ba sun yiwu. Amma gane ciwon shi ne ƙaramin abin da Nuhu ya yi. Babban shi ne sanin a gaban wa za a faɗa, da wace murya, da kuma yaushe za a yi shiru a bar dattijo ya kai kansa ga maganar. Sa'an nan ya yarda a zarge shi da kwana-kwana don wani ya tsira da mutuncinsa. Mutum ba ya karɓar shawara mai ɗaci sai daga wanda ya tabbata gobe ma zai gan shi, wanda idan abu ya ɓaci akwai ƙofar da za a je a buga masa.

Abin da ke damuna ba na'urar ba ce, yadda muke tura matasanmu ne. Ina ganin su suna zuwa ƙauyuka a kan babur, masu ilimi, masu ladabi, wasunsu sun fi mu sanin aikin nesa ba kusa ba. Amma an ce musu kafin la'asar su gama da gari kaza da gari kaza, su ɗauki hoto, su aika. Ba laifinsu ba ne idan ba su zauna sun sha ruwa ba. Ni a ganina, tunda waya ta ɗauke musu wahalar gane cuta, lokacin da ta rage musu kamata ya yi ya tafi wajen zama da mutane. Sai ga shi an mayar da shi ƙarin garuruwa.

Makonni kaɗan da suka wuce na je Maruta. Haladu ne ya kira ni, yanzu shi ne babba a gidan, furfura ta fara fito masa. Yana da wayarsa, ya ce kusan komai ita yake tambaya. Ya kira ni ne a kan ƙannensa da ke so a mayar da babbar gonar ta riɗi zalla, shi kuma yana tsoron a wayi gari gida ba hatsi. Ya riga ya san amsar lissafin, so yake wani ya zauna a tsakaninsu. Muka zauna, aka yi ta ja, aka tsaya a kan rabi da rabi. Da zai mayar da ni tasha, muna tafe a mota, sai ya ce akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba game da Malam Nuhu.

Ya ce a makonnin nan da mahaifinsa ke ta juya maganar a ransa, wata rana Nuhu ya same shi a kasuwa, ya ja shi gefe. Shi ya zaci faɗa zai yi masa a kan gandu. Sai kawai ya tambaye shi rabon da ya ci abinci kwano ɗaya da mahaifinsa. Haladu ya ce an daɗe. Nuhu ya ce ya gwada, ko sau biyu ne, kada ya ɗauko maganar gona, ya ci abinci kawai. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

"Ranar farko na gane, Malam," in ji Haladu. "Na ga yadda hannunsa ke neman gefen kwano. Na tashi na zagaya bayan gida na yi kuka, na wanke fuska na dawo na ƙarasa cin abincin. Da ya tara mu a zaure na daɗe da sani. Amma na ga shi ya kamata ya faɗa."

Shekara da shekaru ina zaune da Nuhu a shago ɗaya, bai taɓa ko nuna mini ya yi wannan ba. Ya riƙe alkawarin da ya yi wa uba, bai kuma bar ɗan a cikin duhu ba.

Idan na auna abin da ya rage na Nuhu, ba shi da yawa a ido. Shagonmu yanzu mai cajin waya ne a ciki. Irin dawar da muka yi ta yaɗawa an samu waɗanda suka fi shi, rabin abin da muka sani game da ƙwari ya zama tsohon yayi, kuma haka ya kamata ilimi ya yi. Abin da bai tsufa ba shi ne wanda ya bari a jikin mutane. Kafin in sauka a tasha Haladu ya ce mini mahaifiyarsa ta tsufa ƙwarai yanzu, ba ta kuma taɓa cewa wani abu na damun ta. Don haka duk inda mota ta kai shi, yakan yi ƙoƙari ya dawo kafin ta ci abincin yamma, ya zauna kusa da ita suna hira, yana kallon hannunta.

Allah ya jiƙan Malam Nuhu, ya haskaka makwancinsa, ya jiƙan Baba Ilu tare da shi. Mu kuma da muka rage, tsofaffi da matasa, masu waya a aljihu, Allah ya ba mu haƙurin zama har mai tambaya ya kai ga abin da ya kawo shi.